Waiwaye: Yadda Kiristoci suka fahimci aljanna, daga gonar Aidan zuwa duwatsun Mandara

A Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, idan aka yi wa Kirista rasuwa, maƙwabtansa Hausawa sukan je su zauna a tabarma, su yi masa sannu da haƙuri. Sai dai ba kasafai muke tambayar wane irin wuri masu makokin suke fatan mamacinsu ya tafi ba. Su kansu Kiristocin sun shafe kusan shekara 2,000 suna muhawara a kan haka, kuma muhawarar ta ta'allaƙa ne a kan yadda suke kallon ɗan Adam.

Tushen maganar yana sura ta 2 ta littafin Farawa. An dasa gona a gabas, a Aidan, kogi yana shayar da ita, sannan ya rabu huɗu: Fishon, Gihon, Taigiris da Yufiretis. Biyun ƙarshe har yau suna gudana a Iraƙi. Abin da masu wa'azi suke yawan tsallakewa shi ne an sa Adamu a gonar domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Ke nan aiki ya riga laifi zuwa. Abin da saɓon ya jawo shi ne wahalar aikin, ƙaya da sarƙaƙiya, da cin abinci da gumin goshi. Duk wanda ya taɓa dashen masakwa a Diyamare, yankin Marwa, yana huda busasshiyar ƙasa yana zuba wa kowane rami ruwa, ya san bambancin noma da wahalar noma.

A Sabon Alkawari sau uku kawai aka ambaci Firdausi. Yesu ya yi wa mai laifin da aka gicciye kusa da shi alkawarin shiga a ranar. Bulus ya ba da labarin wanda aka ɗauke zuwa can ya ji abin da baki ba ya iya faɗa. Na uku yana cikin Wahayin Yahaya, littafin da ya ƙare da birni mai saukowa daga sama zuwa sabuwar duniya, da kogin ruwan rai, da itacen da ganyensa yake warkar da al'ummai. Mai karatu Musulmi zai lura da wani bambanci a nan: bisharar Matiyu ta ce a tashin matattu ba a aure, ba a aurarwa.

Malaman farko sun rabu. Ireniyus, bishop na Liyon a ƙarshen ƙarni na 2, ya ɗauki Adamu a matsayin yaro wanda bai gama girma ba, ya yi gaggawa ya faɗi, kuma Allah yana renon ɗan Adam har ya kai. Orijen na Iskandariya ya ce ba hankali ba ne a ɗauka Allah ya dasa itatuwa kamar manomi, labarin misali ne na halin rai. Ifraimu na Siriya, wanda ya rasu a 373, waƙa ya yi, ya siffanta Firdausi da dutse mai hawa-hawa wanda ya fi dukan duwatsu tsawo.

Wanda ya fi kowa barin tasiri a coci-cocin Yamma ɗan nahiyarmu ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau. An haife shi a 354, ya rasu a 430. Ya koyar da abu biyu da suke jan juna. Na farko, an halicci zuciyar mutum domin Allah, saboda haka ba ta samun natsuwa a dukiya ko mulki ko mace ko ilimi, kullum tana neman ƙari. A ganina babu wanda ya bayyana ƙishin aljanna fiye da wannan, domin yana bayyana dalilin da attajirin da ya cika rumbu yake kwana ido biyu. Na biyu kuwa mai nauyi ne: laifin Adamu ya bi jini, ya raunana nufin kowa, har mutum ba ya iya komawa da ƙafarsa sai alherin Allah ya ɗauko shi. Wani malami mai suna Felajiyus ya musa, ya ce kowa ana haifarsa da ikon zaɓen nagarta. Taron bishop-bishop a Kartaj ya yi watsi da ra'ayinsa a 418. Coci-cocin Gabas ba su bi Agustin har ƙarshen zancensa ba, sun fi kusa da Ireniyus.

Bayan haka Turawa suka daɗe suna zana gonar Aidan a can ƙarshen gabas a taswirorinsu. Kolumbus ma da ya isa bakin kogin Orinoko a 1498 ya rubuta cewa yana dab da ita. A 1331 Fafaroma Yahaya na 22 ya ta da ƙura da ya ce rayukan tsarkaka ba za su ga Allah sosai ba sai bayan ranar shari'a. Magajinsa Benedik na 12 ya yanke hukunci a 1336 cewa suna ganinsa tun kafin nan. Daga lokacin, ganin Allah ya tabbata a matsayin zuciyar koyarwar Katolika a kan aljanna. A 1517 Martin Luta ya tashi a kan masu sayar da takardun sassaucin horo bayan mutuwa, rigimar da ta raba coci.

Wannan gadon ne ya iso arewacin Kamaru a makare. Adolfus Gunderson, Ba'amurke ɗan cocin Luta, ya fara aiki cikin ƙabilar Gbaya a 1923, 'yan mishan na Norwe suka sauka Ngaundere a 1925, limaman Katolika kuma suka zo a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda daga baya ya zama babban bishop na Garwa. A duwatsun Mandara sun tarar da mutanen da matattunsu ba sa yin nisa. Bamafe, wato ɗan ƙabilar Mafa, yana ajiye tukunyar da take wakiltar marigayi mahaifinsa a gida, yana zuba mata giyar dawa. Gaya wa irin wannan mutum cewa mahaifinsa ya tafi wata sama mai nisa, ko kuma an rufe masa ƙofarta, ba ƙaramin abu ba ne, kuma tambayar makomar kakanni tana nan a zukatan masu bi da yawa.

Simon Mpeke, limami ɗan kudancin Kamaru da ya zauna a Tokombere daga 1959, wanda mutanen wurin suka laƙaba wa Baba Simon, ya saurari dattawan dutse kafin ya yi musu wa'azi, ya kuma dage a kan makaranta. Ya rasu a 1975, kuma a 2023 fadar Batikan ta amince da nagartar rayuwarsa. Irin wannan fahimta, mai haɗa begen sama da gyaran ƙasa, ita nake gani a sansanin Minawawo kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013 domin 'yan Najeriya masu gudun Boko Haram. A can Tarayyar Lutawa ta Duniya da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka sa hannu wajen dasa itatuwa a filin da neman itacen girki ya share.

Abin da yake damuna shi ne wata koyarwa da take yaɗuwa daga kudancin Kamaru da kuma Najeriya, mai cewa bangaskiya ta gaskiya tana biya tun a nan, da mota da lafiya da biza, muddin ka shuka iri, wato ka ba da kuɗi, a hannun fasto. Luta ya yaƙi makamancin wannan ciniki, Agustin kuma ya riga ya ce abin duniya ba ya kashe wannan ƙishi. Gwauruwar da ta baro gonarta a Mayo-Tsanaga, yankin Mokolo, da 'ya'ya a baya, idan ta ba da ɗan abin da ya rage mata ba ta ga canji ba, sai a ce mata bangaskiyarta ce ta gaza, ta koma gida ba kuɗi, tana kuma zargin kanta.