Ma'anar forensik na dijital: bin sawun laifi cikin waya da kwamfuta

A ƙauyukan Katsina in an sace shanu, abin da mai bin sawu ke fara roƙo shi ne kada kowa ya tattake wurin. Forensik na dijital irin wannan aikin ne a cikin waya, kwamfuta da mimori: a tattara hujja, a adana ta, a yi nazarinta, a kai ta kotu ko harafi ɗaya bai canza ba. Da shi ake bin alat na bogi, damfarar banki da kiran neman kuɗin fansa.

Mafi yawan ɓarna a sa'ar farko take faruwa. Wayar da aka samu a kunne kada a kashe ta. A yanke mata sabis, ko a saka ta cikin jakar Faraday mai toshe sigina, don kada wani ya goge ta daga nesa, kuma a bar ta a caji. Wayoyin zamani in sun mutu, bayanansu na kulle har sai an sake shigar da lambar sirri, sannan iPhone daga iOS 18.1 kan sake tashi da kanta in ta yi awa 72 ba a buɗe ta ba. Babbar asara ita ce 'yan uwa su kai ta wajen mai gyara ya yi mata filashin. Daga nan sawu ya shafe.

Faifan kwamfuta ba a buɗe shi kai tsaye. Ana jona shi da na'urar hana rubutu, a kwafe shi ɗungurungum da manhaja irin FTK Imager, a fitar da hatimin SHA-256, wato jerin alamomi 64 da ake lissafowa daga abin da ke cikin faifan. Ko ɗigo aka taɓa, hatimin zai bambanta. A kan kwafin ake aiki, asalin kuma a rufe shi da takardar da ke nuna wa ya karɓa, yaushe, daga hannun wa. Giɓin kwana ɗaya a takardar nan ya ishi lauyan wanda ake tuhuma.

Abin da aka goge fa? A tsohon faifai mai juyawa yakan dawo muddin ba a rubuta wani a kansa ba. A SSD, wato sabon faifai marar juyawa, da wayoyin yanzu da wuya.

Kowace waya tana da lambar IMEI mai lambobi 15, za ka gan ta in ka danna *#06#, kuma sauya layi ba ya sauya ta. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan kira na shekara 2. Sai dai turken sabis da bayanan ke nuna wayar ta kama, unguwa yake nunawa, ba ƙofar gida ba.

A kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar tabbacin na'urar da ta fitar da hujjar. A shari'ar Kubor da Dickson, Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba.

Mai son sana'ar ya fara da karatun kwamfuta, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko a ta Tarayya da ke Dutsin-Ma. Ya sauke manhajar bincike ta Autopsy, kyauta ce, ya riƙa goge fayil a filashinsa na USB yana maido da su, daga baya ya nemi shaidar ƙwarewa a forensik irin CHFI ko GCFE. EFCC, 'yan sanda da bankuna suna ɗaukar irinsu. Rubuta rahoto shi ne rabin aikin, domin alƙali ne zai karanta, ba injiniya ba.