Don Allah a daina tura wa tsofaffin nan bidiyo

Gida huɗu na shiga jiya a aikina na kula da tsofaffi, tsakanin Prestwich da Crumpsall, uku a cikinsu abu ɗaya na tarar: hawan jini ya tashi, ido ya yi jawur don rashin barci, abincin dare na nan a rufe ba a taɓa ba, waya kuwa tana hannu har ta ɗau zafi.

Yahudawa suna da yawa a waɗannan unguwanni na arewacin Manchester. Ranar 2 ga Oktoba 2025, ranar Yom Kippur, babbar ranar azuminsu, wani ya afka wa masu ibada da mota da wuƙa a majami'ar Yahudawa ta Heaton Park, mutum 2 suka rasu. Tun kafin nan ma zukata ba a kwance suke ba, don ƙungiyar CST mai kula da tsaronsu ta ƙirga cin zarafi da barazana 4,103 a Birtaniya a 2023 kaɗai. Saboda haka ban taɓa ce wa kowa tsoronsa na banza ne ba. Abin da ke ci mini rai shi ne abin da iyalai ke yi da tsoron.

Ɗa yana Landan, jika yana Isra'ila, kowa ya ga bidiyo sai ya turo wa Kaka a WhatsApp, wai don ta yi hattara. Hattarar me? Matar da ta haura 90, wadda aka ɗoro a jirgin ƙasa tana ƙaramar yarinya a 1939 don ta tsira daga 'yan Nazi, ita za a koya wa hattara da ƙarfe 1 na dare? Haba! Rabin abin da ake turowa tsohon hoto ne, wani ma daga wata ƙasa, sauran kuwa "an ce an ce". Ta kalla, ta sake kalla, gari ya waye ta ce ba za ta je asibiti ba, ba za ta je shul ba, wato wurin ibadarsu, ba za ta je cin abincin rana da ƙawayenta ba. Mako biyu a ɗaki, ƙafa ta kumbura, magani ya rikice mata.

'Yan uwana masu aikin kula da tsofaffi, da yawanmu daga Najeriya da Gana muka zo, mun san wannan ciwon. Wanda ya zauna Jos ko Kaduna lokacin rikici ya san ɓarnar saƙon murya guda ɗaya. To me ya sa za ki shiga gida ki bar talabijin yana ta maimaita labarin harin, ke kina wanke-wanke? Ki nemi izini ki kashe, ki zauna, ki tambaye ta jikokinta.

Na lura da wani abu. Masu kiyaye Asabar, waɗanda ba sa taɓa waya daga faɗuwar ranar Juma'a har daren Asabar, idan na je musu ranar Lahadi sai in same su da sauƙi. Sun ci abinci tare da mutane, sun yi barci. Maganin yana cikin al'adarsu, mu dai kada mu ɓata.

A taƙaice, don lokaci ya ƙure mini:

Labarai sau ɗaya a rana, da safe, ba a kan gado ba.
Saƙon da ba daga 'yan sanda ko CST ya fito ba, a goge, kada a tura.
Maimakon bidiyo, a kira ta a ji muryarta.
In tana tsoron fita ita kaɗai, a samo mai rakiya, kada a soke fitar.
Rashin barci ko faɗuwar gaba ya wuce mako 2, a gaya wa likitanta ko a kira 111, lambar neman shawarar lafiya. Ciwon ƙirji ko haɗari a gaban ido, a kira 999, lambar gaggawa.

Gobe zan koma gidan Kakar nan. Na riga na yi wa ɗanta magana a waya, kuma ban yi masa da sauƙi ba.