Wuƙar wuya

Wuƙar wuya ƙaramar wuƙa ce marar naɗewa, wadda ake sa wa cikin kube a rataya a wuya da igiya ko sarƙa. Ruwanta bai cika wuce santimita 10 ba, galibi yana tsakanin 5 zuwa 8. Mafarauta da masunta da masu kwana a daji su ne suka fi amfani da ita.

Tarihi

An fi danganta ta da mutanen asali na gabashin Arewacin Amurka, musamman ƙabilun Iroquois da Huron da Ojibwe na yankin manyan tafkuna. Tun wajen ƙarni na 18, wataƙila ma kafin nan, mazajensu kan rataya wuƙa a ƙirji. Wuƙaƙen da yawa na fatauci ne, waɗanda 'yan kasuwar Faransa da Ingila ke kawowa suna musaya da fatu, wasu ƙirar garin Sheffield na Ingila. Kuben kuwa aikin gida ne. Mata ke ɗinka shi da fatar da aka jeme aka yi wa turaren hayaƙi, su yi masa ado da ƙayar beguwa da aka rina, har kuben ya fi wuƙar da ke ciki daraja. Irin waɗannan kube suna ajiye yau a gidajen tarihi na Turai da Amurka, kuma aikin hannun da ke jikinsu abin tsayawa a duba ne. A ƙarni na 19 ɗaura wuƙa a ƙugu ya fi yawa, musamman a filayen yamma.

A zamanin nan Mors Kochanski (1940–2019), malamin dabarun zaman daji a Kanada, ya taimaka wajen farfaɗo da al'adar. Yakan rataya wuƙar Mora ta Suwidin a wuya, domin a ƙasar sanyi tufafi masu kauri kan rufe ɗamara.

Zaɓe

Kube shi ne abin fara dubawa. Yawancin na yanzu da robar Kydex ake yin su, ana rataye su ƙota na kallon ƙasa, don a zare da hannu ɗaya. Saboda haka dole kuben ya kama wuƙar gam. Idan aka girgiza ta faɗo, ba ta cancanci wuya ba. Igiyar ma sai wadda za ta tsinke ko ta ɓalle in ta sarƙe da reshe, domin igiya mai ƙarfi tana iya shaƙe mai ita.

Wuƙar da ke manne da jiki tana shan gumi. Ƙarfe mai yawan kabon, irin wanda ake kira 1095 na wuƙar ESEE Izula, yana da sauƙin wasawa amma yana saurin tsatsa. Wuƙar Morakniv Eldris, wadda ta fito a 2016 da ruwa mai milimita 59, an yi ta da ƙarfe mai jure tsatsa. Nauyi kaɗan ake so, da ƙotar da aƙalla yatsu uku za su riƙe.

Doka

A Ingila, dokar 1988 ta hana yawo da wuƙa marar naɗewa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, komai ƙanƙantarta. A Amurka hukuncin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma ana saɓani kan ko sa ta ƙarƙashin riga ɓoye makami ne.