Waiwaye: Souvanna Phouma da siyasar ba-ruwanmu a Laos

Sau huɗu Souvanna Phouma yana hawa kujerar firaministan Laos tsakanin 1951 da 1975, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: ƙaramar ƙasa da ke maƙale tsakanin Vietnam da Thailand ba ta da ƙarfin shiga rigimar Amurka da 'yan gurguzu, a bar ta ta zauna 'yar ba-ruwanmu.

Ɗan sarauta ne, haifaffen Luang Prabang a 1901, injiniya da ya yi karatu a Faransa. Ƙullin siyasarsa kuwa a gidansu yake. Ƙanensa da suke uba ɗaya, Souphanouvong, shi ne fuskar Pathet Lao, ƙungiyar 'yan gurguzun Laos da Vietnam ta Arewa ke mara wa baya. Souvanna ya yi amannar cewa ɗan'uwa ba ya gagarar zama a tabarma ɗaya, don haka a 1957 ya jawo shi cikin gwamnatin haɗaka, ya ba shi minista. Da aka yi zaɓen ƙarin kujerun majalisa a Mayun 1958, ɓangaren ƙanen da ƙawayensa suka kwashe kujeru 13 cikin 21, sai Amurka ta ɗaure bakin jakar tallafi. Gwamnatin ba ta ga ƙarshen shekarar ba.

Juyin mulkin Kyaftin Kong Le ya dawo da shi a Agustan 1960, Janar Phoumi Nosavan ya kora shi Cambodia a Disamba.

A 1962 Souvanna ya sake hawa mulki a gwamnatin haɗaka ta biyu, ƙasashe 14 kuma suka sa hannu a Geneva cewa Laos ba ta kowa ba ce. Takarda ce kawai. Sojojin Vietnam ta Arewa ba su fice ba, domin hanyar Ho Chi Minh, wadda suke bi su kai mayaƙa da makamai Vietnam ta Kudu, ta cikin Laos ta ratsa. A Afrilun 1963 aka bindige ministan harkokin waje Quinim Pholsena, haɗakar ta watse. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka suka zuba wa ƙasar bama-bamai fiye da tan miliyan 2, da sanin Souvanna kuma da yardarsa, yana ta kiran kansa ɗan ba-ruwanmu. Nan ne masu yabonsa kan yi saurin wucewa, alhali har yau manoman lardin Xieng Khouang na tono ragowar bama-baman a gonakinsu.

Haɗaka ta uku, ta 1974, ba ta yi ƙarko ba. Pathet Lao ta karɓe mulki, ranar 2 ga Disamba 1975 aka soke sarauta, Souphanouvong ya zama shugaban ƙasa, aka ba yayan muƙamin mai ba gwamnati shawara. A Vientiane, babban birnin ƙasar, ya zauna har rasuwarsa a Janairun 1984.