Bindiga a wurin ɗaukar fim: abin da dokar Kalifoniya ta tanada

A watan Yulin 2023 gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya sa hannu kan doka mai lamba SB 132. Kafin nan, ƙa'idojin riƙe bindiga a masana'antar fim ta Amurka galibi yarjejeniya ce tsakanin kamfanoni da ƙungiyoyin ma'aikata. Abin da ya tayar da maganar shi ne mutuwar Halyna Hutchins, mai ɗaukar hoto a fim ɗin Rust, ranar 21 ga Oktoban 2021 a jihar Niyu Meziko, lokacin da bindigar da ke hannun jarumin fim ɗin, Alec Baldwin, ta tashi da harsashi mai rai a ciki.

Ba a fahimtar dokar sai an san harsasan nan uku. Mai rai yana da kwanso da albarushi da dalma a kai. Na ƙara yana da albarushi amma babu dalma, aikinsa wuta da hayaƙi da amo, kuma akan zuba masa albarushi rubu'i, ko rabi, ko cikakke. Na bogi kuwa yana da dalma, babu albarushi, ana sa shi ne don kyamara ta ga bindiga a cike. A nan gizo ke saƙa: a ido, na bogi da mai rai kamar an tsaga kara. Shi ya sa ake huda gefen kwanson, ko a jefa 'yan ƙwayoyin ƙarfe a ciki. Mai kula da makamai zai ɗauki kowane ɗaya ya girgiza a kunne. Wanda bai yi kacau-kacau ba, kuma ba huda, a ware shi.

Dokar ta haramta shigo da harsashi mai rai wurin ɗaukar fim, sai a 'yan wurare ƙalilan, kamar filin koyon harbi inda ake horar da jarumi ko naɗar amon bindiga. Ta ce bindiga ta zauna a hannun ƙwararren mai kula da makamai, mai lasisi, wanda ya yi kwas ɗin tsaro, kuma muddin bindiga na hannun jarumi, kada a ɗora wa mai kula da makaman wani aiki. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi nauyi a ganinmu. Hannah Gutierrez-Reed, mai kula da makamai a fim ɗin Rust, wadda aka yanke wa ɗaurin wata 18 a 2024 bisa kisa ba da niyya ba, aiki biyu aka haɗa mata: makamai da taimakon mai kula da kayan da ake amfani da su a fim. Dole kuma a yi taron tsaro kafin a fito da bindiga.

Wasu na ɗauka harsashin ƙara ba ya kisa. A 1984 jarumi Jon-Erik Hexum ya kanga bindiga mai irin wannan harsashi a gefen kansa da wasa, ya danna kunama, ƙarfin iskar ya fasa masa ƙoƙon kai, ya mutu. A 1993 kuma, dalmar wani harsashin bogi da aka haɗa ba daidai ba ta maƙale a cikin bututu, ba wanda ya leƙa. Da aka sa na ƙara aka harba, albarushin ya tunkuɗo ta kamar harbin gaske, ta sami jarumi Brandon Lee, ya mutu. Saboda haka ake haska tocila ko a zura sanda a bututu kafin harbi da bayansa.

Sauran na cikin takardun ƙa'idar masana'antar: a ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada a saita ta kan kowa, a karkatar da baki kyamara ta ɓoye karkatar, yatsa ya nisanci kunama, a cika bindiga dab da ɗauka a gaban mataimakin darakta da jarumin, a karɓe ta da zarar an tsaya. Idan dole a harba wajen kyamara, a kafa garkuwa mai kauri ko a sarrafa kyamarar daga nesa.

Dokar dai a Kalifoniya ta tsaya. A Niyu Meziko hukumar kare lafiyar ma'aikata ce ta ci tarar kamfanin da ya shirya fim ɗin Rust dala 136,793, daga baya aka daidaita kan 100,000.