An Kira Ka Intabiyu a Inda Ba Ka Nemi Aiki Ba? Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarkon "Kawo Mutum Biyu"

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa bara, ya dawo gida ya shiga sahun masu jiran aiki. Wata ranar Talata da daddare ya turo min hoton wani saƙon waya, ya rubuta a ƙasa: "Kawu, a taya ni da addu'a, gobe ina da intabiyu." Saƙon da Turanci yake. Ana taya shi murna wai an zaɓe shi, ya zo ƙarfe tara na safe da CV da biro, a wani bene da ke saman shaguna. Babu sunan muƙami, babu maganar albashi, sunan kamfanin ma haruffa uku ne kawai. Na tambaye shi yaushe ya nemi aiki a wurin, ya ce ya tura takardu wurare da yawa, ba zai iya tunawa ba. Tun dare ya goge kayansa, da safe Yaya ta ba shi kuɗin mota. Bayan la'asar ya kira ni, muryarsa cike da ɗoki, yana neman rancen naira 45,000 na "rajista". Tambayoyin nan su ne muka yi ta juyawa da shi a kwanakin da suka biyo baya.

Su waye ke turo irin wannan saƙo?

Galibi wakilan wani salon kasuwanci ne da matasa ke kira netwokin, wasu kuma su ce "kawo mutum biyu". Kamfanin yana da kaya, kamar maganin ƙarin lafiya, shayi, sabulu, man shafawa, agogo ko darussan intanet, amma ba ya kai su kanti. Sai ka biya kuɗi ka zama wakili, ka sayi kayan da kuɗinka. Daga nan aka ce za ka samu ta hanya biyu: ribar abin da ka sayar, da kamashon abin da mutanen da ka shigo da su suka saya, har da na waɗanda su ma suka shigo da su.

Kayan suna da tsada, kuma a kasuwa akwai irinsu masu araha, don haka hanya ta farko ba ta ciyar da mutum. Saura hanya ta biyu. Wakili kullum yana buƙatar sabuwar fuska. Idan ya gama da 'yan gidansu da abokan makaranta, sai ya juya kan waɗanda ya san za su amsa kira ko daga ina ya fito, wato masu neman aiki.

Me ya hana su faɗin gaskiya tun a saƙon? Kuma ina suka samo lambata?

Da an rubuta "zo ka sayi kaya da kuɗinka, sannan ka nemo wasu su saya", ba wanda zai taka benen nan. Kalmar "aiki" ce ke kawo mutum. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma sun san haka.

Lamba kuwa ba ta da wuyar samu. Akwai tallan aikin bogi a Facebook da zaurukan WhatsApp, akwai takardun da ake liƙawa a turakun lantarki da jikin gada. Amma hanyar da ta fi ɓata min rai ita ce wannan: ana sa sabon shiga ya zauna ya rubuta sunaye da lambobin duk wanda ya sani. Lambar ɗan yayata abokinsa ne ya bayar, wanda suka kwana ɗaki ɗaya a sansanin bautar ƙasa.

Me ake yi a wurin intabiyun?

Ga abin da ya ba ni labari. Ya tarar da mutum kusan talatin a kan kujerun roba, kowa da ambulan ɗinsa a cinya. Wata budurwa ta karɓi CV ɗinsu ta tara a kan tebur, kuma har aka tashi ba wanda ya buɗe ko ɗaya. Ba a tambaye shi abin da ya karanta ba. Aka kunna majigi. Wani saurayi cikin kwat ya fara da tambayar su waye suka gaji da talauci, kowa ya ɗaga hannu. Ya lissafa musu albashin ma'aikacin gwamnati, ya ninka da shekaru 35 na aiki, ya ce ko gida ba zai gina ba. Sai hotuna: mota, otal a Dubai, wata mata riƙe da ƙaton cek. Duk hoton da ya fito, wasu mutane a layin baya su ɓarke da tafi. Daga baya ya gane su ba baƙi ba ne, tsofaffin wakilai ne.

Awa uku aka yi kafin a ambaci kuɗi. Shi ma ba a gaban kowa ba. Aka raba su, kowane baƙo da wakili ɗaya a kusurwa, ana magana ƙasa-ƙasa. Nasa ya ce masa gurbi ya kusa cika, yau ne kawai za a yi ragi. Da ya ce ba shi da kuɗi, sai aka tambaye shi wayar hannunsa nawa za ta yi, kuma ko babu wani kawu ko gwaggo da za ta ranta masa. Aka kuma gargaɗe shi kada ya yi wa mutanen gida dogon bayani, wai ba za su fahimta ba, za su kashe masa gwiwa.

Wannan gargaɗin na ƙarshe shi ne ya fi komai tsaya min a rai. Duk harkar da za ta ce wa yaro ya ɓoye wa uwarsa abin da zai yi da kuɗin da zai karɓa a hannunta, ta riga ta faɗi ko ita wace ce.

Amma ai akwai waɗanda ke samu, na ga motarsu da idona.

Akwai. Tambayar ita ce su nawa ne, kuma daga aljihun wa kuɗin ya fito.

Mu ɗauki biro. A ce kowa zai kawo mutum 5. Sahu na farko 5, na biyu 25, na uku 125, na huɗu 625. A sahu na 10 ana buƙatar mutum 9,765,625. A na 12 kuwa 244,140,625, kusan yawan mutanen Najeriya gaba ɗaya, har jarirai da tsofaffi. Tun kafin a kai nan unguwa ta ƙare, gari ya ƙare. Kuma ko a wane sahu aka tsaya, kusan mutum 4 cikin 5 suna sahun ƙarshe ne, sun biya, ba su da kowa a ƙarƙashinsu. Wanda ya ga hoton dalar gyaɗa ta Kano ya san siffar: buhu ɗaya a ƙololuwa, dubbai a ƙasa suna ɗauke da shi. Wannan ba laifin ragwanci ba ne, kodayake abin da za a gaya wa wanda ya kasa ke nan. Lissafin ne ba zai taɓa bari mafi yawa su ci ba.

Sannan a lura, abin da ake nunawa a majigi shi ne kuɗin da ya shigo. Ba a cire kuɗin kayan da wakili ke saya wata-wata don kada a rufe masa kamasho, da kuɗin mota, da katin waya, da tikitin taro.

Sun nuna mana takardar rajista. Ba shi ke nan halastacce ba?

Takardar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista, tana nuna an yi wa suna rajista ne kawai. Lambar NAFDAC kuma, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta shafi kayan ne, ba ta ce komai game da yadda ake raba kuɗi ba.

A ƙasashe da yawa doka ba ta hana netwokin kansa ba, abin da take dubawa shi ne inda kuɗin ke fitowa: daga masu saye na gaske, ko daga sababbin shiga? A Amurka, inda salon ya girma, hukumar kula da cinikayya ta FTC ta yanke a 1979 cewa tsarin kamfanin netwokin na Amway ba haramtacciyar dala irin wadda muka lissafa ba ce, kuma kamfanoni sun daɗe suna fakewa da wannan hukunci. Amma hukumar ce dai ta kai Vemma kotu a 2015, kamfanin lemon ƙara kuzari da ya mayar da hankali kan ɗaliban jami'a. A 2016 kuma wani kamfanin netwokin, Herbalife, ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 200, ya kuma sauya tsarinsa ta yadda lada zai dogara da ainihin ciniki. Ƙasar Sin ta fi tsanani: ta dakatar da harkar baki ɗaya a 1998, da ta sake buɗe ƙofa a 2005 kuma ba ta yarda da biyan kamasho hawa-hawa ba.

Kada a haɗa wannan da irin su MMM, wadda ta daskarar da kuɗin 'yan Najeriya a Disambar 2016. Ita ba ta da kaya ko kaɗan, kuɗin sababbin shiga ake ba waɗanda suka riga su. Netwokin yana da kwali da kwalba da zai nuna. Sai dai idan kayan ba sa fita hannun wakilai zuwa ga masu saye na waje, kwalin mayafi ne kawai.

Wanda aka ce masa aikin a ƙasar waje ne fa?

A nan abin ya wuce asarar kuɗi. Shekaru ke nan jami'an tsaro a Ghana, Najeriya, Kwaddibuwa da maƙwabtansu suna fasa gidajen da aka tara matasa da aka yaudaro da alkawarin aiki a ma'adinai, a kamfanin mai ko a Turai. Sunan da ya fi yawo a irin waɗannan labarai shi ne QNET, kamfanin netwokin da aka kafa a Hong Kong a 1998. Kamfanin yana nanata cewa shi ba ya ba da aiki ko biza, 'yan damfara ne ke amfani da sunansa. Ko ma yaya ne, salon iri ɗaya ne. Aboki ko ɗan uwa ya kira ka, iyaye su sayar da gona ko dabba su biya, ka isa a karɓe takardunka, a zuba ku da yawa a ɗaki ɗaya, a ce hanyar dawo da kuɗinka ita ce ka kira wani. A 2025 hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol ta sanar da kuɓutar da mutum 33 a Kwaddibuwa, waɗanda aka yi wa alkawarin aiki a Kanada aka tsare su a Abidjan, ana ɗaukarsu hoto a manyan otal domin na gida su zaci sun isa.

Don haka idan ɗanku ya tafi, ya daina kiran bidiyo sai gajeren saƙo, ya fara matsa wa ƙannensa su biyo shi da kuɗi, kada a yi fushi da shi, kada kuma a tura kowa. Mai yiwuwa ana tsaye a kansa yake maganar. A kai rahoto ga 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Me malamai suka ce?

Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya haramta wannan salo a 1425 bayan Hijira, wato 2004. Hujjarsu ita ce mai shiga ba kayan yake nufi ba, kamasho yake nufi, ya ba da kuɗi kaɗan don ya karɓi mai yawa daga baya, ga kuma garari, wato rashin tabbas a ciniki, tunda bai san ko zai samu mutanen ba. Sun kuma bambance shi da dillanci: dillali ba ya biya kafin ya yi dillanci, la'adarsa a kan cinikin da ya ƙulla take. Akwai malaman da suka halatta da sharuɗɗa masu tsauri. Amma kiran mutum aikin da babu shi ba wurin saɓani ba ne. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu.

Yaya zan gane tun kafin in kashe kuɗin mota?

Ka kira lambar ka tambaya: menene cikakken sunan kamfanin, wane muƙami ne, albashi ne a ƙarshen wata ko kamasho, kuma akwai abin da zan biya ko in saya? Mai aikin gaske zai amsa cikin minti ɗaya. Idan aka ce "sai ka zo za ka ji komai", ka riga ka ji. In ka je, ka tambayi mai jawabin nawa ya rage masa a watan jiya bayan ya cire abin da ya kashe, kuma in ka fasa, za a karɓi kayan a mayar maka da kuɗinka? Kada ka bar ainihin takardun karatunka ko fasfo a hannun kowa, kada ka ba da lambar BVN ko NIN a wurin da ba ka tabbatar da shi ba.

Na riga na biya. Yanzu fa?

Ka tsaya a nan. Za a ce maka ka ƙara saya don ka hau mataki, ko ka kawo mutum biyu kacal ka mayar da uwar kuɗinka. Mutum biyun nan ƙanwarka ce da abokinka, kuma asararka ce za ka ɗora musu. Ka adana rasit da saƙonni, ka nemi mayar da kaya a rubuce, in an ƙi ka kai ƙorafi hukumar kare masu saye ta FCCPC, in da damfara a fili kuma EFCC. Ka kuma gaya wa na gida gaskiya, musamman wanda ya ranta maka. Kunya ce ke riƙe mutane a ciki fiye da kwaɗayi.

Ɗan yayata bai biya ba. Abokin nasa da ya ba da lambarsa ya riga ya biya, da kuɗin adashin mahaifiyarsa. Da suka haɗu ya ba shi haƙuri, ya jawo kwalaye biyu daga ƙarƙashin gado ya nuna masa, bai sayar da ko rabin ɗaya ba, ga ranar lalacewarsu tana matsowa. Shi kuma ɗan yayata yanzu yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a unguwarsu, yana ci gaba da tura takardu. Makon jiya wani saƙon ya sake shigo masa. Adireshin benen nan ne, haruffan sunan kamfanin ne kawai suka canza.