Sa Idon Majalisun Ƙananan Hukumomi a Kan Shirye-shiryen Sauyin Yanayi a Birtaniya

Sa ido a kan shirin sauyin yanayi, a tsarin mulkin ƙananan hukumomin Birtaniya, shi ne aikin da kansiloli suke yi na bin diddigin alkawuran da majalisarsu ta ɗauka game da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, da kuma tanadin da ta yi wa ambaliya da tsananin zafi. Ba masu zartarwa ba ne suke yin wannan aiki. Sauran kansiloli ne, waɗanda ba sa cikin majalisar zartarwa, suke zama a kwamiti su kira jami'ai, su nemi takardu, su tambayi inda kuɗi ya tafi da abin da ya haifar. Aikin ya ƙara nauyi daga shekarar 2019, lokacin da ɗaruruwan majalisu suka ayyana dokar ta-ɓaci kan sauyin yanayi, suka sanya wa kansu wa'adin da sau da yawa ya fi na gwamnatin ƙasa tsauri.

Asalin tsarin

A Ingila da Wales, kwamitin sa ido ya samo asali ne daga Dokar Ƙananan Hukumomi ta 2000. Kafin ita, kusan kowace shawara a kwamitoci ake yanke ta. Dokar ta raba aikin gida biyu: shugaba ko zaɓaɓɓen magajin gari tare da 'yan majalisar zartarwarsa suna yanke shawara, sauran kansiloli kuma suna bincikarsu. Ɗan majalisar zartarwa ba ya zama a kwamitin sa ido. Kwamitin yana da ikon tilasta wa jami'in majalisa ko ɗan majalisar zartarwa ya bayyana a gabansa, yana da ikon dakatar da shawarar da aka yanke amma ba a fara aiwatarwa ba domin a sake duba ta, kuma idan ya ba da shawarwari a rubuce, dole ɓangaren zartarwa ya amsa cikin wata biyu. Amsawa kawai doka ta wajabta, ba bin shawarar ba. Kusan duk ƙarfin tsarin da rauninsa a nan suke.

Dokar da aka yi a 2011 ta ba majalisun Ingila damar komawa tsohon tsarin kwamitoci in sun so. Bristol ta bi wannan hanya: a ƙuri'ar raba gardama ta 2022 mazauna birnin suka soke kujerar zaɓaɓɓen magajin gari, sabon tsarin ya fara aiki a 2024.

A ɓangaren yanayi kuwa, ginshiƙin shi ne Dokar Sauyin Yanayi ta 2008, wadda ta ɗora wa gwamnatin ƙasa rage hayaƙi da kashi 80 cikin 100 zuwa 2050, idan aka kwatanta da na 1990. A watan Yunin 2019 aka gyara ta, aka ce zuwa 2050 abin da ƙasar ke fitarwa kada ya wuce abin da take iya cirewa daga sararin samaniya. Dokar ta kafa Kwamitin Sauyin Yanayi mai zaman kansa domin ba gwamnati shawara. Sai dai ba ta ɗora wa majalisun ƙananan hukumomin Ingila wani adadi da za su rage ba. An taɓa samun ma'aunan ƙasa da majalisu ke kai rahoto a kansu, ciki har da na hayaƙi, amma gwamnatin da ta hau a 2010 ta soke su, kuma hukumar da ke binciken ayyuka da kuɗaɗen majalisun Ingila ta rufe a 2015. Saboda haka lokacin da guguwar alkawura ta taso, babu wani babba a sama da ke riƙe da rajista.

Guguwar 2018 da 2019

Majalisar Darebin da ke Melbourne a Ostireliya ce ta fara ayyana dokar ta-ɓaci kan yanayi a Disambar 2016. A Birtaniya Bristol ce ta buɗe ƙofa, a Nuwambar 2018, bisa ƙudurin da kansila Carla Denyer ta jam'iyyar masu rajin kare muhalli ta gabatar, aka sanya wa'adin cewa zuwa 2030 hayaƙin da birnin ke fitarwa kada ya wuce wanda ake cirewa. Majalisar dokokin ƙasa ta yi nata ƙudurin ranar 1 ga Mayun 2019, daga nan sai abin ya zama ruwan dare. Majalisu kusan 300 suka bi sahu. Nottingham ta ce 2028, yankin Manchester ya ce 2038, da yawa suka ce 2030.

Kalmar ta-ɓaci a nan ba ta ba kowa ƙarin iko ko ƙarin sisi. Ƙuduri ne na zauren majalisa, galibi ana amincewa da shi a zama ɗaya, da tafi daga masu fafutuka da ke kujerun 'yan kallo. Washegari sai jami'ai su tarar da shekara a rubuce, ba tare da an faɗa musu ko wa'adin ya shafi gine-ginen majalisa ne kawai ko duk garin ba.

Abin da kwamiti yake dubawa

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce uwar tambayoyi, domin ratar da ke tsakanin amsoshin biyu babba ce. Rahoton da Kwamitin Sauyin Yanayi ya fitar a Disambar 2020 ya nuna cewa abin da majalisa ke fitarwa da kanta, daga ofisoshinta da motocinta da fitilun titi, bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na hayaƙin yankinta ba. Amma tana da hannu a kan kusan kashi ɗaya bisa uku, ta hanyar izinin gini, hanyoyi, sufuri, gidajen haya na majalisa da kwashe shara. Majalisar da ta ce ta rage hayaƙinta da rabi tana iya faɗar gaskiya, alhali garin bai motsa ba.

Akwai kuma hanyar rage adadi ba tare da rage hayaƙi ba, kuma kansila mai ido yakan gano ta. Idan majalisa ta sayar da wani tsohon gini, ko ta miƙa wurin ninƙaya ga kamfani, ko makarantunta suka fita daga ƙarƙashinta, hayaƙinsu yakan ɓace daga littafinta, amma tukunyar ɗumama ruwa tana nan tana cin gas kamar jiya. Haka nan wani kaso mai yawa na raguwar da majalisu ke nunawa ya zo ne daga yadda ƙasar ta daina ƙona gawayin kwal wajen samar da lantarki, abin da ba majalisa ce ta yi shi ba. Shi ya sa ake raba hayaƙi kashi uku: wanda aka ƙona kai tsaye, wanda ya zo ta lantarkin da aka saya, da wanda ke ɓoye cikin kayan da aka sayo da ayyukan 'yan kwangila da jarin asusun fansho. Na ukun yakan fi sauran girma, kuma shi aka fi barin sa a waje, domin ƙirga shi da wuya.

Zaman kwamitin kansa ba shi da armashi. Jami'in da ke kula da muhalli yakan zo da jadawali mai layi-layi, kowane aiki da launinsa: kore ga wanda ke tafiya daidai, ruwan ɗorawa ga mai jan ƙafa, ja ga wanda ya tsaya. Shafi yakan cika da kore, domin an shirya taron wayar da kai, an horar da ma'aikata, an dasa itatuwa. Ja guda biyu ko uku ne, amma su ne gyaran dubban gidajen majalisa domin su riƙe ɗumi, da sauya motocin shara zuwa masu lantarki. Kwamitin da ya san aikinsa ba ya ƙirga launuka; yakan tambayi tan nawa na hayaƙi kowane layi zai rage, nawa zai ci, wa ke da alhakinsa, kuma a wane shafi na kasafin kuɗi aka ware masa. Shirin da ba shi da waɗannan huɗu jerin fata ne.

Alƙaluma ma suna makara. Ƙididdigar hayaƙin kowane yanki da gwamnati ke fitarwa duk shekara tana zuwa ne kusan shekara biyu a baya, don haka kansilan da ke da wa'adin shekara huɗu yakan yi rabin zamansa yana duba sakamakon waɗanda suka gabace shi. Wasu majalisu sun nemi mafita ta hanyar auna kowace shawara tun kafin a yanke ta. Cornwall ta yi fice a nan, da wani zane mai siffar da'ira da ke nuna tasirin kowane aiki ga muhalli da ga rayuwar jama'a.

Ambaliya ita ce inda doka ta fi fitowa fili. Bayan ɓarnar da ruwa ya yi a bazarar 2007, Dokar Kula da Ambaliya da Ruwa ta 2010 ta ɗora wa manyan majalisu jagorancin tanadin ambaliya a yankunansu, har da binciken abin da ya faru idan ruwa ya ci unguwa.

Inda sa ido ya gaza

Darasi mafi tsada ya fito ne daga harkar makamashi. A 2015 majalisar Nottingham ta kafa kamfaninta na sayar da gas da lantarki, Robin Hood Energy, da niyyar sauƙaƙa wa talakawa farashi. Kamfanin ya yi ta tafka asara, majalisa tana ta toshe rami. A Agustan 2020 masu binciken kuɗi na kamfanin Grant Thornton suka fitar da rahoto cewa hukumar gudanarwar kamfanin, wadda kansiloli suka mamaye, ba ta da ƙwarewar da kasuwar ke buƙata, kuma an fifita ci gaban kamfanin a kan lafiyar baitulmalin majalisa. Aka sayar da asusun masu hulɗa da shi ga kamfanin British Gas, asarar ta kai kusan fam miliyan 38. Bristol ma ta sayar da nata kamfanin a shekarar. Majalisar Thurrock kuwa ta ciwo bashi ta zuba ɗaruruwan miliyoyin fam a takardun jarin gonakin lantarki mai amfani da hasken rana, a Disambar 2022 ta sanar da cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna kansiloli ba su sami cikakken bayani ba, su ma ba su matsa ba. Aiki ya zo da sunan kare muhalli ko taimakon talaka ba ya hana shi zama mummunan ciniki, sai ma ya sa masu tambaya su ji nauyin buɗe baki.

Raunin yana da tushe a siyasa. A majalisun Ingila da yawa, shugaban kwamitin sa ido ɗan jam'iyya mai mulki ne, wanda makomarsa ke hannun shugaban da yake bincika. Wani kwamitin majalisar dokokin ƙasa ya yi ƙorafi a kan haka a rahotonsa na Disambar 2017, gwamnati ta fitar da sabuwar ƙa'ida a 2019, amma ba ta hana al'adar ba. A Wales ana raba kujerun shugabancin kwamitoci tsakanin jam'iyyu gwargwadon yawansu. Ga kuma talauci: kula da tsofaffi da yara marasa galihu yana cinye mafi yawan kasafin manyan majalisu, kuɗin yanayi kuma yakan zo ne a gutsure, ta tallafin da majalisu ke gasar nema. Ofishin Binciken Kuɗi na Ƙasa ya soki wannan tsari a Yulin 2021, ya ce gwamnati ba ta fayyace rawar majalisu ba, kuma tallafin gasa yana hana su tsara aiki na dogon lokaci.

Masu sa ido daga waje

Inda kwamiti ya yi sanyi, wasu sun shigo. Camden a Landan ta kira taron 'yan ƙasa kan yanayi a Yulin 2019, Oxford ta yi nata daga baya a shekarar. Ana zaɓo mazauna ne ta yadda za su wakilci fuskar garin, su saurari masana, su ba da shawara. Leeds tana da hukumar yanayi mai zaman kanta tun 2017. Ƙungiyar Climate Emergency UK ta ba shirye-shiryen majalisu maki a 2022, sannan ta auna ainihin ayyukansu a 2023, inda mafi yawansu suka kasa kai rabin maki.

Kotu ma ta shiga, kuma shari'o'in sun nuna yadda ƙudurin zaure da kwamitin izinin gini ke iya fuskantar gabas da yamma. Majalisar Surrey ta ayyana ta-ɓaci a Yulin 2019, watanni biyu bayan haka ta ba da izinin faɗaɗa haƙar mai a Horse Hill. Wata mai fafutuka, Sarah Finch, ta kai ƙara, a Yunin 2024 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 3 a kan 2, ta ce izinin ya saɓa doka domin ba a auna hayaƙin da ƙona man zai haifar ba. A wani wurin kuma majalisa ce ta ƙi, aka juya ta daga sama: North Somerset ta hana faɗaɗa filin jirgin saman Bristol daga fasinja miliyan 10 zuwa 12 a shekara a Fabrairun 2020, amma masu sauraron ɗaukaka ƙara na gwamnati suka amince da shi a 2022.

Bambancin Scotland da sauyin 2025

Scotland ta bi wata hanya. Dokarta ta 2009 ta wajabta wa hukumomin gwamnati, har da majalisu 32, yin aiki ta yadda zai taimaka wa burin rage hayaƙi, kuma bisa umarnin 2015 dole su miƙa rahoto duk shekara. Wa'adin ƙasar 2045 ne. Wales tana da dokar 2015 da ta tilasta wa hukumomi la'akari da jin daɗin masu tasowa nan gaba. A Ingila kuwa, tun da alkawarin na ganin dama ne, zaɓe ɗaya yana iya share shi. Bayan zaɓen Mayun 2025, wanda jam'iyyar Reform UK ta karɓe majalisu da dama, majalisar Durham ta soke ƙudurinta na ta-ɓaci a watan Yuli. Nauyin da doka ta ɗora mata kan ambaliya, shara da izinin gini bai canza ba, kuma kwamitin sa ido yana da ikon ci gaba da kiran jami'ai a kansu.